Littafin aiki: injin S2000 da aka jefa wa giya ta biyu a gudun kilomita 140

8 ga Fabrairu, 2025

Motar da ƙafarta ta shigo gareji, kuma abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Honda S2000 ce ta ƙanina, ƙirar farko da ake kira AP1, mai injin F20C: silinda 4, lita 2, jan layi, wato iyakar juyin inji, a juyi 9,000 cikin minti ɗaya. Yana filin tsere a giya ta 3, ya zo jawo ta 4, hannu ya karkace ya faɗa ta 2, ya kuma ɗaga ƙafa daga kuloci. Tayoyin baya suka yi ƙara, inji ya kurma ihu, ya yi maza ya sake take kulocin. Daga nan mota ta ci gaba da tafiyarta. Babu hayaƙi, babu wutar gargaɗi, ya tuƙo ta har nan.

"Yaya, lafiyarta ƙalau fa," in ji shi. "Ai tana da limita, ba za ta bari a wuce jan layi ba."

Sai da na karɓi makullin tukuna na yi masa bayani. Limita aikinsa ɗaya ne. Idan ka take totur har inji ya kai iyakarsa, kwamfutar mota ta yanke fetur, wutar da ke tura fistin ta ɗauke, juyi ya sauko. Wato daga ƙafar direba yake tsare inji. To a abin da ya faru da ƙanina ba fetur ne ya juya injin ba. Nauyin mota ne tana cikin gudu, ya bi ta taya, ya bi ta giya, ya bi ta kuloci, ya fizgi karanshaf. Ko tankin babu ɗigon mai, ko an murɗe makulli an kashe, injin sai ya kai juyin da tayoyin suka tilasta masa. Motocin da kwamfuta ke canja musu giya, irin PDK na Porsche, in ka nemi giyar da za ta wuce da inji iyaka sai su hana ka. Mai giyar hannu kuwa, abin da ka ba ta shi take karɓa.

Hukuncin yau: ba za a sake tayar da injin nan ba sai an auna shi. Ƙanina ya ɓata rai, yana ganin ina neman aiki inda babu aiki.

9 ga Fabrairu

Da farko dai a san juyin da ya kai. Masu Porsche sun huta da wannan tambayar. A ƙirar 911 da ake kira 997, kwamfutar inji tana ajiye lissafin wuce iyaka a matakai 6, tana ƙirga yawan tashin wuta a kowane mataki, tana kuma rubuta awar aikin da abin ya faru na ƙarshe. Shi ya sa mai sayen tsohuwar 911 da ya san abin da yake yi, wannan rahoton yake fara nema kafin ya kalli fenti. Mu bidiyo muke da shi, na kyamarar da ƙanina ya liƙa a mota, mai nuna gudu a gefe. A daidai lokacin da hannunsa ya motsa, kilomita 140 ne a awa.

Sauran lissafi ne. Giya ta 3 a AP1 rabonta 1.481, ta 2 kuma 2.045. Raba 2.045 da 1.481, ka sami 1.38. Da tayar baya 225/50 R16, gudun 140 a giya ta 3 yana nufin juyi kusan 8,300. Ninka shi da 1.38, ka tashi da wajen 11,400. Iyakar abin da giya ta 2 ke iya ɗauka kafin jan layi bai wuce kilomita 110 a awa ba. Mai yiwuwa bai kai 11,400 cif ba, tunda tayoyin sun ɗan ja ƙasa kuma kulocin ya ɗan sulluɓe, amma ba zan gina aiki a kan "mai yiwuwa" ba. Da 11,400 zan yi hisabi.

Wanda bai saba ba zai ce daga 9,000 zuwa 11,400 ai ƙarin kashi 27 ne cikin 100, ba wani abu ba. Nan ne kuskuren yake. Ƙarfin da ke fizgar fistin da konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da juyi. In juyi ya ninka sau 2, ƙarfin sau 4 yake ninkawa. Don haka ƙarin kashi 27 a juyi ya zama ƙarin kashi 60 a wahalar da ƙarfe ya sha. A juyi 9,000, duk lokacin da fistin ya kai ƙarshen hawansa ya tsaya cak zai juyo, ƙarfin da ke jan sa ya kai wajen ninki 4,800 na nauyinsa. A 11,400 ya doshi ninki 7,800.

Ga wani awon da ya sa ƙanina ya yi tsit. Tafiyar fistin a F20C milimita 84 ce daga sama zuwa ƙasa. A jan layi, matsakaicin gudun fistin mita 25 ne a daƙiƙa. Injinan V8 na tseren Formula 1 na shekarar 2006, waɗanda suka taɓa juyi 20,000, tafiyar fistinsu ba ta cika milimita 40 ba, saboda haka gudun fistinsu wajen mita 26 da rabi ne a daƙiƙa. Ashe injin nan tun yana cikin iyakarsa ma dab yake da na Formula 1. A 11,400 kuwa mita 32 ne. Ba a banza ba da Honda ta tsawaita tafiyar fistin zuwa milimita 90.7 a injin F22C1 na ƙirar 2004, ta sauko da jan layin zuwa 8,000.

15 ga Fabrairu

Gwajin matsi shi mutane ke fara yi, ni na tsallake shi. Yana buƙatar a murza inji da sitata, kuma in akwai bawul da ke rataye da ƙyar, murzawar ce za ta ƙarasa shi. Murfin sama na fara cirewa.

Kowane bawul sifirin ne ke mayar da shi ya rufe. A kan sifirin akwai wata ƙaramar hular ƙarfe, a tsakiyarta kota biyu sun rungume wuyan bawul. Hular nan da kotocin su kaɗai ne suka hana bawul faɗawa cikin silinda. Duk wanda ya daɗe yana taɓa AP1 ya san cewa in aka wuce da ita iyaka, hulunan ɓangaren shigar iska ne kan fara tsagewa. Masifar ita ce tsagar daga ƙasa take farawa, inda ido ba ya kaiwa. Abin da za ka gani daga sama shi ne kotocin sun nutse cikin hular fiye da na maƙwabtansu. Na haska tocila na bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku sun nutse, biyu a silinda ta 2, ɗaya a ta 3.

Inji mai tsagaggiyar hula ba ya tari, ba ya rawa, ba ya rage ƙarfi. Zai yi ta aiki lafiya lau na makonni ko watanni, har ranar da kota za ta zame ta ƙasa, bawul ya faɗa kan fistin yana cikin gudu. Sau da yawa ranar ma ba a filin tsere take zuwa ba, a tafiyar yau da kullum take zuwa, mai mota ya rasa gane laifin da ya yi, don ya riga ya manta da giyar da ya kuskure tuntuni.

Daga nan na ɗauki filageji na auna ratar bawul, inji na sanyi. Ƙa'ida ita ce milimita 0.21 zuwa 0.25 a na shiga, 0.25 zuwa 0.29 a na fita. Bawul biyu na fita a silinda ta 2 ratarsu ta buɗe sosai. Rata ba ta buɗewa haka dare ɗaya sai in bawul ya daina komawa mazauninsa har ƙarshe, wato ya lanƙwashe.

Sai gwajin yoyon iska. Na cire fulogogi, na juya karanshaf da hannu a hankali har kowane fistin ya kai sama bawulansa a rufe, na hura iskar kwamfiresa ta ramin fulogi, na kasa kunne. Inda iskar ta ɓullo nan ciwon yake: in ta bakin totur ne, bawul na shiga, in ta salansa, na fita, in ta murfin zuba mai, ringi, in kumfa ta taso a lagireto, gasket. Silinda ta 1, ta 3 da ta 4 sun riƙe iska yadda ya kamata. Ta 2 kuwa, ko daga bakin ƙofa ana jin huci ta salansa. Na kira ƙanina ya sa tafin hannunsa a bakin salansar. Bai sake maganar limita ba.

16 ga Fabrairu

Na zura ƙaramar kyamara mai dogon wuya ta ramin fulogi. A kan fistin na 2 akwai tabo biyu masu ƙyalli, lanƙwasassu kamar jinjirin wata, inda gefen bawul ya share baƙin hayaƙin da ke kai. Sauran ukun babu komai. Bangon silinda duka sumul. Kan inji zai sauka.

22 ga Fabrairu

Kan inji ya sauka, kuma maigidana da ya koya min sana'ar ya leƙo. Tsufa ya rage masa ƙarfin ɗaga ƙarfe, amma ido da yatsa suna nan. Ya ɗauki bawul na fita na silinda ta 2, ya kwantar da sandarsa a kan gilashi ya mirgina. Kan bawul ɗin yana tafiya yana gyaɗawa. Da ido kawai, a hannu, ba za ka ce ya lanƙwashe ba.

Ƙanina ya tambaye shi, "Baba, me ya sa na fita ne suka daku, alhali hulunan na shiga ne suka tsage?"

Ya ce, "Yaro, na fita fistin ne ke bin sa a baya. In ya yi jinkirin shiga gida, sai a cim masa."

Maganar a taƙaice take amma ta ƙunshi komai. Kamshaf rabin juyin karanshaf yake yi. A 9,000, kowane bawul sau 75 yake buɗewa ya rufe a daƙiƙa guda. A 11,400, sau 95. Kamshaf tura bawul kawai yake yi ya buɗe, rufewa aikin sifirin ne, kuma sifirin yana da iyakar saurin da zai iya dawo da nauyin da aka ɗora masa. In aka wuce iyakar, kamshaf ya janye amma bawul na nan a buɗe yana shawagi. A ƙarshen fitar da hayaƙi, fistin na hawowa, bawul na fita na ja da baya a gabansa, tsakaninsu 'yar tazara ce. F20C inji ne mai matsi sosai, 11 zuwa 1 ko sama da haka gwargwadon ƙasar da aka yi wa motar, babu filin da fistin da buɗaɗɗen bawul za su zauna tare. Sai su gwabza. Na shiga kuwa sun fi girma da nauyi. Su ba su haɗu da fistin ba, amma sun riƙa faɗowa kan mazauninsu da ƙarfi maimakon su sauka a hankali bisa gangaren kamshaf, suna dukan mazauni suna tsalle, kowane duka kuma a kan kota da hula yake ƙarewa.

Wannan matsala ta sifirin tsohuwa ce a duniyar tsere. Mercedes ta kauce mata a W196 ta 1954 da tsarin da kamshaf ke buɗe bawul ya kuma rufe shi da kansa, irin wanda aka san baburan Ducati da shi. Renault kuma a 1986 ta maye gurbin sifirin ƙarfe da matsattsiyar iska a injinta na Formula 1. Motar titi dai sifirin take da shi, sai a zauna cikin abin da zai iya.

Da an bar lanƙwasasshen bawul ɗin nan yana aiki, ƙarshensa sananne ne. Bawul na fita yawancin zafinsa ta mazauninsa yake sauke shi, a ɗan lokacin da yake rufe. Wanda ba ya zama daidai ba ya hucewa, wuta na bi ta gefensa tana ci. Ga shi kuma kowane rufewa ana tanƙwara wuyansa ana miƙewa, kamar wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya a hannu har ta karye. In kan bawul ya guntule ya faɗa ciki, fistin, kan inji da bangon silinda duk sun tafi. Bangon silindar F20C kuwa ba kwanon baƙin ƙarfe ba ne da kowane mai lebur zai faɗaɗa. Alminiyon ne da aka ƙarfafa da zare, wanda Honda ke kira FRM, gyaransa na musamman ne.

Abin da muka yanke: bawul na fita duka 8 sababbi, ba biyun da suka nuna kawai ba. Sifirin duka 16 sababbi. Hulunan shiga da kotocinsu za mu sa na AP2, ƙirar S2000 ta biyu, waɗanda suka fi kauri, kuma tare ake sa su, ba a haɗa hular wannan da kotar wancan. Na shiga 8 za a auna kowanne a kan agogon awo kafin a ce ya koma. Da muka kifa hulunan nan uku, tsagar ta fito ɓaro-ɓaro. Muka sami ta huɗu, a silinda ta 4, wadda daga sama ban ga alamar komai a kanta ba.

1 ga Maris

Yau gardama aka yi, ba a taɓa sifana ba.

Ƙanina yana so a gyara sama a mayar, a bar ƙasan inji yadda yake. Hujjarsa ba ta banza ba ce: babu ƙara daga ƙasa, matsin mai bai faɗi ba, ringi sun riƙe iska, kuma fistin da konrod na injin nan ƙarfafa ne. Mutane da yawa haka suke yi, kuma da yawansu sun tsira.

Ni abin da ya tsaya min a rai ƙusoshin konrod ne. Ana zaton lokacin tashin wuta ne konrod ya fi shan wahala. A lokacin matse shi ake yi, kuma ƙarfe yana jure matsi. Inda yake jin jiki shi ne ƙarshen fitar da hayaƙi: fistin ya taso a guje, babu matsin iska a samansa da zai tare shi, yana neman ya wuce, abin da ya riƙe shi kawai konrod ne da ƙusoshi biyun da suka ɗaure murfinsa a jikin karanshaf. A nan jan su ake yi. An ɗaure su da wani ƙarfi da aka lissafa ya fi ƙarfin janyewar da za su gamu da ita a jan layi, da ɗan rara a kai. Ƙara kashi 60 a kan wannan, ka ga rarar tana iya ƙarewa. Ƙusar da ta miƙe ta wuce iyakarta ba ta komawa. Murfin ya fara ɗan ɗagawa yana komawa, ramin ya daina zama da'ira, metal, ƙarfen da ke tsakanin konrod da karanshaf, ya fara cin karanshaf ko ya juya a mazauninsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya ƙara a ranar farko.

Sannan fistin na 2 ya daki bawul biyu. Dukan bai tsaya a kansa ba, ya bi ta konrod ya sauka kan metal.

Maigida bai sa baki ba sai da muka gaji. Ya ce da ni, "Ɗana, ku sauke kaskon mai mana. In kun ga alheri ku rufe, me kuka rasa ban da gasket?" Ƙanina ya ce, "Shi ke nan, Baba, yadda ka ce." A raina na ce da ni na faɗa, da har yanzu muna nan.

9 ga Maris

Na yanka filtar mai na warware takardarta a rana. Babu ƙyallin ƙarfe. Kaskon mai ma tsaf. Metal na 1, 3 da 4 lafiya. Na 2, rabin sama, akwai wuri mai sheƙi inda fatar mai ta yanke na ɗan lokaci ƙarfe ya shafi ƙarfe. Wuyan karanshaf bai karce ba, farce ba ya kamawa, awo ya nuna yana nan a da'irarsa.

Metal ɗin konrod duka za a sake. Honda da launi take rarrabe kaurinsu, ana zaɓa bisa lambobin da aka buga a jikin karanshaf da konrod, sannan a tabbatar da rata da zaren Plastigage. Littafin gyara ya ce a auna kaurin kowace ƙusar konrod a wuri biyu a kwatanta. Na auna, sun wuce gwajin, amma duk da haka sababbi zan sa. Awo yana nuna ƙusar da ta riga ta sirance, ba ya nuna wadda ta gaji.

Fistin na 2 na fitar da shi. Ringin sama yana yawo a raminsa, dukan bai matse shi ba. Jan ruwan gano tsaga bai nuna komai ba. Konrod ɗinsa an ɗora a ma'auni, bai karkace ba. Na so in sake fistin ɗin, maigida ya ce a bar shi, a dai goge kaifin tabon, don kaifi a cikin ɗakin wuta yakan yi ja ya kunna fetur kafin lokacinsa. Na bi tasa.

16 ga Maris

Tunda inji a buɗe yake, na sauke giya. Akwai abin da ba a cika tunawa ba: faifan kuloci a jikin sandar da ke shiga akwatin giya yake, ba a jikin inji ba. Da zarar giya ta 2 ta shiga a gudun 140, faifan ya kai juyi 11,400 nan take, ko da ƙafa na kan kuloci har ƙasa. Don haka ko wanda ya farga bai saki ƙafa ba, ya ceci inji amma bai ceci faifan ba, fatarsa tana iya tarwatsewa. Namu bai tarwatse ba, sai dai akwai ƙananan tsaga a fatar kusa da ƙusoshin da suka riƙe ta. Zai tafi. Sinkiro na giya ta 2, zoben tagullar da ke daidaita juyi kafin giya ta shiga, shi ya yi aikin ɗaga faifan zuwa wannan juyin cikin ƙiftawar ido. Man giya ya fito da ɗan ƙyallin tagulla, ba mai yawa ba. Zan bar shi, in giya ta 2 ta fara gurnani a buɗe.

Abin da ban zata ba shi ne robar da inji ke zaune a kai ta gefe ɗaya ta yage. A S2000 sandar canja giya kai tsaye take a kan akwatin giya, babu waya a tsakani. In inji da giya suka murɗa a cikin kwana saboda roba ta saki, ramukan giyar ma sun matsa, hannu kuwa ya tafi inda ya saba. Bidiyon ya nuna yana fitowa daga kwana ne abin ya faru.

Wannan bai wanke hannun ƙanina ba. A bidiyon ya damƙe kan giyar da dukan yatsunsa yana jawowa wajen cinyarsa. Daga 3 zuwa 4 ba a damƙa. Sandar tana da sifirin da ke tsayar da ita a layin 3 da 4 da kanta. Yatsu kawai za ka sa ka jawo baya a miƙe, tafin hannu na ɗan kallon waje, ka bar sifirin ya yi jagora. In giya ta yi tauri ta ƙi shiga, magana take yi maka, kada ka danna. Kuma a saki kuloci da kunne a buɗe: juyi ya fara hawa inda ya kamata ya sauka, a mayar da ƙafa. Na zaunar da shi a mota, inji babu, yana ta maimaitawa.

23 ga Maris

Kaya ba su iso ba, aiki ya tsaya. Wani da ya zo ganin motar ya tambaye ni ko dukan limita ma yana kashe inji. Taɓa shi jifa-jifa, inji da zafinsa da isasshen mai, ba abin tashin hankali ba ne, don haka aka sa shi. Zama a kansa shi ne wauta: wuta na ɗaukewa tana dawowa, sarƙar taimin da metal suna shan fizga, mai na zafi yana kumfa, kuma mai mai kumfa ba ya riƙe karanshaf. A motocin da limitarsu tartsatsin fulogi yake yankewa, ɗanyen fetur na bi ta salansa ya ƙone a can. Harbin da samari ke so ke nan, shi ne kuma ke cinye matatar hayaƙi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai take totur a tsaye, giya a furi, inji da sanyinsa. Mai bai saki ba, bai zaga ko'ina ba, fistin bai buɗe ya cika silinda ba, babu kaya a kan inji, juyi na tashi a guje. Agogon zafi na ruwa ne, kuma mai yana jinkiri a bayan ruwa sosai. VTEC ma, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul in juyi ya hau, da matsin mai yake aiki, kwamfuta ba ta barin sa ya shiga sai inji ya ɗumama. In injiniyoyin da suka ƙera shi ba su yarda da shi da sanyi ba, ban ga dalilin da direba zai yarda ba.

30 ga Maris

Ƙasan inji ya rufu: metal sababbi, ƙusoshi sababbi, karanshaf na juyawa da hannu babu inda yake kamawa. Faifan kuloci da robobin inji sun iso, suna kan tebur.

Kan inji yana wurin mai lebur. Bawul na shiga 7 sun ci awo, ɗaya daga silinda ta 2 ya ɗan kauce, an ƙara shi cikin waɗanda za a sake. Ya kira ya ce bututun da ɗaya daga lanƙwasassun bawulan ke zirga-zirga a ciki ya buɗe a baki, yana so ya sake biyun na silinda ta 2 kafin ya yanka mazauni. Na ce ya auna duka 16 tukuna ya faɗa min. Robobin hana mai na wuyan bawul ma duka sababbi.

In ya dawo: gasket sabo, ɗaurin kai bisa jerin littafi, a daidaita alamomin sarƙar taimin, a duba abin da ke ɗame ta, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku kafin sitata ta taɓa shi, a gyara ratar bawul. Sai a murza ba fulogi har matsin mai ya hau. Zan sake gwajin yoyon iska kafin tashin farko in rubuta sakamakon kowace silinda, in kuma maimaita bayan juyen mai na farko, don a sami abin kwatantawa. Rokokin silinda ta 2 da na ta 3, wato ƙarafan da kamshaf ke danna bawul da su, ban duba ƙananan tayoyinsu ba tukuna, su ne aikin gobe.